Gurbin Uba

A Tawa ana ce masa Mai Agogo.
Kakana ke nan, uban innata,
Baturen Suwis da ya zo auna zurfin rijiyoyi,
ya ci damina shida a ƙasar Adar,
ya tafi gida jinya, bai dawo ba.
Ya bar akwatin ƙarfe, da agogon da ya tsaya,
da jaririya mai gashi kamar gemun masara.

Bayan sadakar arba'in ɗin inna na buɗe akwatin.
Gara ta riga ni.
Ta cinye rabin sunansa a jikin takarda,
ta bar mini sunan wani ƙauye
mai tsayawa a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.

Na je ofishin magajin gari.
Malam Cipkau ya lashi yatsa, ya yi ta juya rajista
har ya kai kan inna:
"An haife ta wajen shekara ta hamsin da bakwai."
Wajen!
Sai ka ce haihuwa gida ce da ake kwatance.
A gurbin uba kuwa, alƙalami ya ja layi ɗaya ya wuce.

Sai na rubuta wa ƙauyen can wasiƙa.
Wata huɗu, gero ya nuna an yanke,
kafin amsa ta zo da hatimi mai hoton saniya da dutse.

A wurinsu, in ji mai amsar, gari gado ne.
Ko an haife ka a bayan teku,
ko ba ka taɓa shan ruwansa ba,
ƙauyen kakanka yana riƙe da shafinka,
kamar yadda namu mutanen ke ɗaukar garinsu a kumatu,
wanzami ya rubuta da aska, ba mai gogewa.
Inna ba ta da zane.
An ce shi ya riƙe hannun wanzamin.

Ga shafin nasa sun aiko:
ubansa mai cuku, uban ubansa mai cuku,
sun jeru har bakwai, kowa da ranar zuwa da ta tafiya.
Shi ne ƙasan su duka.
Mata: babu. 'Ya'ya: babu.
Takardar fara tas daga nan har ƙasa,
faɗin wurin zai ɗauki inna da mu tara da ta haifa,
har da jikoki in an matsa.

Na naɗe ta na nufi Bilbis wurin tsohuwa Tamo,
wadda ta yanke wa inna cibi.
Ido ya tafi, amma ta shafa takardar, ta shinshina.
"Su ba su nan ranar suna," ta ce.
"Ni ina nan. Rago biyu ya yanka.
Da liman ya raɗa Zabba'u, ya maimaita sau uku bai iya ba,
mata suka yi ta dariya, shi kuwa ya yi kuka,
hancinsa ja kamar tattasai."
Daga nan ta kama dangin kakata tana lissafi,
wane ya haifi wance, wance ta haifi wane,
ta wuce bakwai, ta kai goma sha ɗaya,
sai tari ya tare ta.

Ba fasfo nake nema ba, a gaya musu.
Sanyinsu ma ba zan iya ba.
Da fensirin ɗana na cike gurbin:
Zabba'u, wajen hamsin da bakwai, Tawa.
Shaida: Tamo.

Da la'asar na bi ta rijiyar da ya auna.
Yara na jan guga, igiyar gaba ashirin da ɗaya.
Na tambayi ƙaramarsu sunan rijiyar.
Ta dube ni kamar baƙuwa,
ta ce, "Ta Mai Agogo mana,"
ta miƙo mini ruwa.